Akwatin Intanet a Siton Masara

Shekarun baya kaɗan, tun sabis bai wadata a garinmu ba, na tafka wata wauta da har yau in na tuna ta sai gabana ya faɗi. Ban taɓa ba da labarin a nan ba saboda kunya. Amma ga kaka ta zo, na ga mutane sun fara jera buhuna a sito, shi ya sa na ce bari in ajiye kunyar gefe.

Garinmu yana can bayan Maska. A lokacin, in kana son amsa kira a gidanmu sai ka hau katangar baya ka ɗaga waya sama kamar mai duban wata. Ni kuwa ga ni da digiri, shekara huɗu da gama hidimar ƙasa, babu aiki. Da damina ina gona tare da mahaifina, da rani ina gaban kwamfuta ina cike takardun neman aiki. Tsohuwar kwamfuta ce ta kan tebur, mai ƙugi kamar injin markaɗe, wadda abokina mai gyaran kwamfuta a Funtua ya harhaɗa mini. Shi ne kuma ya zo ya zagaye gidan da ɗan akwatin intanet ɗin nan da ake sa wa layi, yana neman inda zai kama sabis. Bai kama ko'ina ba sai wuri ɗaya, wato ƙaramar tagar sama ta siton mahaifina, can ƙarshen gida. Nan muka kafa masa katako, muka ja masa wuta daga sola, muka huda bango muka zaro wani shuɗin kebul mai tsawo, ya bi ta kan katanga har ɗakina. Kwamfutar tawa ba ta iya kama intanet ta iska, sai ta wannan kebul ɗin kaɗai.

A shekarar masara ta yi kyau. Da aka gama casa aka shanya, sai mahaifina ya sa aka jera buhunan a sito har kusa da rufi. Yana da tsarinsa da ba ya canzawa. Zai sayo ƙwayar maganin ƙwarin nan da manoma ke ce wa bom, ya ƙulla ta a tsumma ya cusa tsakanin buhuna, ya toshe taga da leda, ya liƙe duk wata kafa da laka, ya garƙame ƙofa. Ƙwayar ita ke narkewa ta zama iska mai guba, ta kashe duk wani abu mai rai a ɗakin. Kwana bakwai ba mai zuwa kusa, ko kaji ba a bari su yi kiwo a bakin ƙofar.

Ranar da zai rufe, ya tsaya da kwano cike da laka ya ce da ni, “Wannan akwatin naka, ba za ka fitar da shi ba?”

Na ce, “A bar shi, Baba. Ai ba numfashi yake yi ba.”

Har dariya na yi, wai na faɗi magana ta ilimi. Ya dube ni, ya ce to, ya liƙe har hudar da kebul ɗin ya bi, ya sa kwaɗo.

Washegari saƙo ya shigo. Wata ƙungiya mai aiki da manoma, wadda na nemi aiki a wurinta tun watanni har na fitar da rai, ta ce na tsallake matakin farko. Za a yi mini intabiyu ta bidiyo ranar Alhamis ƙarfe sha biyu na rana. A ƙasa suka rubuta cewa wanda bai shiga a kan lokaci ba za a wuce shi. A shekara huɗu, wannan ne karo na farko da wani ya ce yana son ganin fuskata. Na wanke kaftanina, na goge hula, na rataya farin zane a bango don kada a ga inda siminti ya ɓare. Mahaifiyata da ta ji labari ba ta ce mini komai ba. Ni ne ɗanta na fari, kuma irin matan nan ne masu tsananin alkunya. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba, sai “kai” in tana magana da ni, “yaron nan” in tana magana a kaina. Amma na ji tana faɗa wa maƙwabciyarmu ta kan katanga, “A taya mu da addu'a, yaron nan za a yi wa tambayoyi a cikin kwamfuta.”

Ranar Laraba da la'asar intanet ya fara ɗaukewa yana dawowa. Na ɗora laifin a kan kamfanin layi, kamar yadda kowa ke yi, na je na yi sabgata.

Alhamis da hantsi, wajen ƙarfe tara, na kunna kwamfuta don in gwada kyamara. A kusurwar ƙasa, inda alamar intanet take, sai na ga ɗan jan kuros. Na kashe na kunna. Yana nan. Na zare kebul ɗin daga bayan kwamfuta, na hura masa iska, na mayar har ya yi ƙas. Akwai 'yar koriyar fitila a bakin ramin da kebul ke shiga, wadda kullum take ƙyafta ido in komai lafiya. Ranar a mace take.

Na haye katanga na kira abokina. Ya ce, “Kwantar da hankalinka. Me kwamfutar ta rubuta?”

Na sauka da gudu na duba, na sake hawa. “Ta ce ba a jona kebul ba.”

“To ba matsalar layi ba ce. Ko dai kebul ya yanke, ko akwatin ya mutu, ko ramin kwamfutar ya lalace. Bi kebul ɗin da hannu, taku-taku, ka ga ko ɓera ya ci ko akuya ta tauna.”

Na bi shi tun daga ƙofar ɗakina, ta kan katanga, ta bayan madafi, ina murza shi da yatsu. Ko ƙwarzane babu. Na duba batirin sola, a cike yake. Na duba wayar wutar da ta tafi sito, tana nan daram. Ya sa na shiga cikin kwamfutar na kashe katin intanet na sake kunna shi, ya karanto mini wasu kalmomi na rubuta a wani baƙin allo. Kowane umarni ɗaya sai na hau katanga na sauka. Har gwiwar wandona ta yage. Mahaifiyata tana tankaɗe a tsakar gida, tana bin kai-komona da ido.

Wajen ƙarfe goma abokina ya ce, “Ka ga, bar wannan wahalar. Tari mashin yanzu ka taho shagona ka yi a nan. Awa ɗaya ta kawo ka.”

Jama'a, ga mafita an miƙo mini a faranti. Amma sai na ce masa takarduna duk suna cikin tawa kwamfutar, kuma shagonsa ga hayaniyar janareta, ga masu shiga da fita. Gaskiyar ita ce na ƙudurta a raina cewa a ɗakina zan samu aikin nan, a gidan da aka shekara huɗu ana kallona ina zaune. Kuma ina ganin abu kaɗan ya rage in gano matsalar. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, ni kuwa na sa nawa har wuya.

Na ɗauko wani gajeren kebul da ya taɓa bar mini, na jona kwamfutar da wani tsohon akwati da ba ya karɓar layi, don gwaji kawai. Koriyar fitilar ta kawo nan take. Wato kwamfuta lafiyarta lau. Dogon kebul ma ban ga ciwo a jikinsa ba. Wuri ɗaya ya rage ban duba ba, kuma na san shi tun ɗazu, ina dai kauce masa ne. Na tsaya a tsakar gida ina kallon ƙofar siton, da lakarta da ta bushe, da kwaɗonta.

Na sake hawa katanga. Sha ɗaya da minti goma. Na ce, “Matsalar tana wajen akwatin. Ina jin buhu ne ya zame ya ture kebul ɗin.”

“To je ka mayar mana.”

“Baba ya sa bom a ɗakin. Yau kwana huɗu.”

Sai ya ce da wata murya da ban san shi da ita ba, “Kada ka shiga. Ka ji ni ko? Wallahi kada ka shiga. Taho Funtua ko da ka makara.”

Na ce to. Amma na riga na yi lissafi, ko yanzu na samu mashin ba zan isa ba sai an wuce ni. Mahaifina ya tafi ta'aziyya Danja da nasa mashin ɗin, da makullin a aljihunsa. Sai dai na san akwai na biyu a rataye a ƙusa bayan ƙofar mahaifiyata.

Na je na durƙusa kusa da ita. “Inna, ina son makullin sito. Minti ɗaya kawai.”

Ba ta ɗago daga rariyarta ba. “Babanku ya ce kwana bakwai.”

“Inna, aikin nan zai wuce ni.”

“Ya wuce. Kai, ba ka ji abin da ya samu mutanen da suka kwana ɗaki ɗaya da buhunan wake ba? Tashi ka ba ni wuri.”

Na tashi. Na koma ɗaki na zauna gaban jan kuros ɗin nan. Tsoro biyu ne suka sa ni a tsakiya. Ina tsoron ɗakin can, domin na san abin da ke ciki ba wasa ba ne. Ina kuma tsoron gobe, in fita masallaci a tambaye ni ya intabiyu, in ce waya ce ta tsinke. Na ga kaina shekara biyar, shekara shida, ina nan. Da na ji ta shiga madafi tana hura wuta, sai na lallaɓa ɗakinta na zare makullin.

Dabarata, wai, ita ce in jiƙa hiramina in ɗaure hanci da baki, in cika ƙirji da iska, in shiga in mayar da kebul in fito kafin numfashina ya ƙare. Har gwaji na yi a bakin ƙofa, na ƙirga arba'in. Daga baya likita ya gaya mini jiƙaƙƙen tsumma ba ya tare wannan iskar ko kaɗan, amma a lokacin ji nake kamar na sa sulke.

Na buɗe kwaɗon a hankali, na tura ƙofar da kafaɗa, lakar ta ruguzo. Na yi bisimilla na ja numfashi na faɗa.

Duhu ne ciki, ga zafi. Na manta cewa da muka kafa akwatin ɗakin fayau yake, yanzu kuwa buhuna sun tare hanya. Sai da na hau su da rarrafe, bayana na gogar rufi. Na ƙirga ashirin kafin in kai tagar. Ga akwatin nan a kan katakonsa, fitilar wuta tana ci. Na laluba bayansa. Kebul ɗin yana nan a cikin raminsa, ba abin da ya ture shi.

Da mai hankali ne, nan zai juya. Ni sai na zare na mayar. Fitilar kebul ba ta kawo ba. Na canza masa rami na biyu. Shiru. Ƙirjina ya fara bugawa kamar ana daka, idona ya fara ganin taurari. Na ce bari in gwada na uku. Ban san lokacin da bakina ya buɗe da kansa ba, na ja iska har cikin ciki.

Wari ne kamar na tafarnuwa da ruɓaɓɓen kifi. Abin da ya fi ba ni tsoro yanzu in na tuna shi ne, a wannan numfashin na farko ban ji komai ba. Sai na ce a raina ashe abin bai kai yadda ake faɗa ba, na ci gaba da numfashi ina kokawa da kebul. Na yanke shawarar in ciro akwatin gaba ɗaya. Ina fizgo shi buhun da na durƙusa a kai ya zame, ƙafata ta dama ta nutse tsakanin buhuna biyu har gwiwa. Na ja, ta ƙi. Sai tari ya sarƙe ni. Kaina ya fara juyawa, wani abu ya ɗaure mini ƙirji tamau. Na hango hasken ƙofa, bai fi taku shida ba, amma ya yi mini nisa. Nan na san cewa zan iya mutuwa a kan buhun masara da akwatin roba a hannu, kuma na fara kalmar shahada a zuci don bakina ya ƙi.

Sai na ji an kira sunana.

Sunana na yanka, cikakke, da ƙarfi har sau uku. Ban gane muryar ba da farko, domin ban taɓa jin sunan a cikinta ba. Mahaifiyata ce. Ta fito daga madafi ta ga ƙofar a buɗe. Ba ta tsaya neman tsumma ba, ta shigo, ta kama rigata ta baya ta fizga da wani irin ƙarfi da har yau ban san inda ta samo shi ba. Ƙafata ta fito ta bar takalmin a ciki. Muka faɗo waje tare.

Na yi ta amai a gindin katanga. Ita tana tari tana ihu a kawo ɗauki. Maƙwabta suka cika gidan, wata ta zo da manja, wata da nono, kowa na ɗura mini abin da ya yarda da shi. Kuma don ku san girman wautata, a cikin wannan halin na dubi agogon hannuna na ce, “Saura minti goma.” Mahaifiyata ta ƙwace akwatin da har lokacin nake rungume da shi, ta yi jifa da shi can wajen turke.

A mashin aka kai ni Funtua, an sa ni a tsakiya, maƙwabcinmu na riƙe da ni ta baya. Sha biyu ta buga muna kan hanya. Na ji ta wuce, ban kuma damu ba, iska kawai nake nema kuma ba ta isa ta. A asibiti suka sa mini abin shaƙar iska, suka duba mahaifiyata ita ma, suka ce nata da sauƙi. Likitan ya ce ni sai an riƙe ni kwana biyu, domin wannan gubar takan yi lamo, mutum ya ga kamar ya warke, daga baya huhu ya cika da ruwa ko zuciya ta rikice. Ban taɓa jin tsoro irin na kwana biyun nan ba. Kowane numfashi sai na saurare shi. In na yi tari sau ɗaya, sai in dubi fuskar nas in ga ko ta canza.

Mahaifina ya iso bayan la'asar, daga wajen ta'aziyya kai tsaye. Na zaci zai yi faɗa, na ma fi son ya yi. Ya zauna a bakin gado ya daɗe yana kallon ledar ruwan da aka rataya mini. Na ce, “Baba, ka yi haƙuri, na ɓata maka maganin. Iskar duk ta fita.”

Ya ce, “Masara ce. In ƙwari sun cinye, baɗi in sake nomawa. Kai a wace gona zan nomo ka?”

Ni kuwa na juya fuska wajen bango.

Washegari abokina ya zo. Ya biya ta gidanmu ya tsinto akwatin, ya yanko kan kebul ɗin. Bayan ya gama zagina iya son ransa, sai ya haska mini fitilar waya a cikin ramukan. Siraran haƙoran nan da ya kamata su yi ƙyalli duk sun yi baƙi ƙirin, wasu sun marmashe. Ya ce, “Ka gani? Ba buhu ba ne. Iskar bom ɗin ce ta ci jan ƙarfen. Ko sau ɗari ka zare ka mayar ba zai kawo ba. Abin da ya yi wa ƙarfe haka a kwana huɗu, shi ka shiga ka shaƙa.”

Na tuna abin da na ce wa mahaifina, wai ai ba numfashi yake yi ba. Shi da ba ya numfashin ma bai tsira ba.

Aikin ya wuce ni. Da na warke na rubuta musu bayani, suka amsa da ladabi cewa sun riga sun ɗauki wani. Na yi baƙin ciki sosai, ba zan ɓoye ba. Sai bayan shekara guda da wani abu Allah ya kawo wanda nake yi yanzu. Akwatin da muka sake saya kuwa, a kan dogon ƙarfe muka ɗaure shi a waje, cikin bokitin fenti don ruwa. Mahaifina da kansa ya haƙa ramin ƙarfen.

Abin da nake so ku ɗauka ba shi da yawa. In za a sa bom a ɗaki, a fitar da duk wani abu mai waya a jiki, ba mai rai kaɗai ba. In an rufe, an rufe, babu tsumma ko riƙe numfashin da zai cece ka. In kuma intanet ya ɗauke a ranar da ka fi bukatarsa, wanda ya fi ka sani ya ce taho, to ka tafi. Ni na tsaya gyara ne don kada a yi mini dariya a masallaci, saura ƙiris a sallace ni a ƙofarsa.

Har yau in matata tana soya tafarnuwa sai na fita tsakar gida, ƙirjina ke ɗaurewa. Ita kuwa mahaifiyata, tun ranar da aka sallamo ni ta koma yadda take. Na shigo gida ina jan ƙafa, ta dube ni sau ɗaya ta ce da ƙanwata, “Kai wa yaron nan kunu.” Ba mu taɓa tayar da maganar ba, ni da ita. Sau uku na ji sunana a bakinta duk tsawon rayuwata, duka a bakin ƙofar siton nan. Ba ta sake faɗa ba, ni kuma kullum ina roƙon Allah kada in sake ba ta dalili.